Rariyar Kunne: Darasin Saurare a Birnin Degu

A ƙasar Koriya ta Kudu akwai wata ranar Alhamis cikin watan Nuwamba da ake dakatar da tashi da saukar jiragen sama na kimanin minti 35 bayan azahar. Ranar ce ta jarrabawar shiga jami'a da suke kira Suneung, lokacin kuwa shi ne na sashen saurare a takardar Ingilishi, inda tambayoyi 17 cikin 45 suka rataya a kan abin da ɗalibi ya ji daga lasifika. Hukuma ba ta yarda rugugin jirgi ya gitta tsakanin kunnen yaro da kalma ba. Tun daga shekarar 1997 ake fara koya wa yaran ƙasar Ingilishi a aji uku na firamare, don haka mai zama wannan jarrabawa ya shekara 10 yana fama da harshen. Duk da wannan ɗawainiya, da yawa daga cikin waɗanda suka ci jarrabawar da maki mai kyau sukan girma, su kama aiki, sannan ranar da Bature ya buɗe baki a gabansu su tarar kalmomin da suka sani sarai a takarda sun narke sun zama abu guda.

Irin waɗannan mutane ne ke cika ajin wata malama a birnin Degu. Tana koyarwa a ɗaya daga cikin makarantun kuɗi da ake kira hagwon, waɗanda suka cika biranen ƙasar, ajinta kuwa na manya ne, daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare. Akwai injiniyoyi, akwai ma'aikatan otal, akwai masu neman ƙarin girma a kamfani. A zangon da ake magana a kansa akwai wata ma'aikaciyar jinya mai shekara 31, wadda ta ƙudura niyyar zuwa aiki a Ostareliya. Sau biyu tana zama jarrabawar Ingilishi da ake buƙata, sau biyu sashen saurare yana kayar da ita, alhali a karatu da rubutu ba ta da matsala. Kuɗin da ta tara sun kusa ƙarewa, ta kuma gaya wa malamar tun daren farko cewa karo na uku shi ne na ƙarshe.

Malamar tana da darasin da take buɗe kowane zango da shi. Takan rubuta kalmomi huɗu a allo: “pill”, wato ƙwayar magani, “peel”, ɓare ɓawo, “fill”, cikawa, da “feel”, jin abu a jiki. Sai ta ce kowa ya rubuta su da haruffan Hangul, rubutun ƙasarsu. Kowa yakan rubuta gaɓa ɗaya tak sau huɗu, wadda ake karantawa “pil”. Ba kuskure suka yi ba, haka ƙa'idar rubuta baƙin kalmomi ta tanada. A nan ajin yakan yi dariya. Ma'aikaciyar jinyar ba ta yi ba, domin uku daga cikin kalmomin nan huɗu kalmomi ne da maras lafiya zai iya faɗa mata da tsakar dare.

Malamar ta san wannan shiru, don ita ma ƴar ƙasar ce. Tana da shekara 24 ta tafi karatu Kanada da takardun da ke shaida ƙwarewarta, ta isa ta tarar ba ta bin zancen direban bas. Abin da ta fi tunawa shi ne yadda masu son taimaka mata suke maimaita kalma da ƙarfi, kamar masu magana da kurma. Ƙara murya bai taɓa raba mata “light” da “right” ba, sai dai ya ƙara mata kunya. Shi ya sa abu na biyu da take yi a kowane zango shi ne ta wanke kunnen ɗalibanta daga zargi. Takan furta kalmomi uku na Koriyanci: “bul” wuta, “ppul” ƙaho, “pul” ciyawa. Ta ƙara da “dal” wata, “ttal” ɗiya, “tal” fuskar wasa da ake ɗaurawa. Kowane yaro a Koriya yana raba waɗannan tsayau kashi uku, mai laushi da mai tauri da mai fitar da iska, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke da ziza a farkon kalma. Baturen da ya zo koyon Koriyanci yakan yi watanni yana jin su biyu, wani lokaci ma ɗaya. Sai ta ce musu kunnen da ya iya wannan ba shi da wata naƙasa, horo ne aka yi masa a kan wani aiki dabam.

Masana tsarin sauti sun daɗe da ba wannan al'amari suna. Nikolai Trubetzkoy, a littafinsa na tushen ilimin tsarin sauti da ya fito a 1939, shekara guda bayan rasuwarsa, ya kamanta tsarin sautin harshen uwa da rariya wadda duk abin da mutum ya ji sai ya bi ta cikinta. Abin da ke rarrabe ma'ana a harshensa shi ke tsayawa, sauran su zube. Rariyar nan kuwa da wuri ake saƙa ta. A 1984 Janet Werker da Richard Tees suka gwada jarirai ƴan gidajen masu Ingilishi a Kanada da wasu baƙaƙe na harshen Hindi, da kuma wasu tunkuɗau biyu na wani harshen ƴan asalin yammacin Kanada, dangin /ƙ/ ta Hausa. Jarirai ƴan wata 6 zuwa 8 sun raba su. Waɗanda suka kai wata 10 zuwa 12 mafi yawansu sun daina. Tun yaro bai yi tafiya ba kunnensa ya fara zaɓar abin da zai kula da shi.

Daga baya Catherine Best ta fayyace hanyoyin da baƙin sautuka biyu kan faɗa cikin rariyar. In kowanne ya faɗa gurbin wata ƙwayar sauti dabam ta harshen uwa, raba su abu ne mai sauƙi. In sun faɗa gurbi ɗaya amma ɗayan ya fi dacewa da gurbin, akwai ɗan abin kamawa. In kuwa sun faɗa gurbi ɗaya da dacewa iri ɗaya, nan ne aiki yake. James Flege ya ƙara da cewa sautin da ya yi kama da na gida yakan fi wanda yake baƙo sarai wahalar koyo, domin kunne yakan karɓe shi a matsayin ɗan gida, ba ya tsayawa ya dube shi. Malamar ba ta kawo waɗannan sunaye a aji, amma a kansu ta gina jerin darussanta.

Na farko a jerin shi ne /r/ da /l/. Koriyanci yana da ƙwayar sauti guda, wadda harafinta ake kira riyul, mai takwarori biyu. Tsakanin wasula takan fito da kaɗawar harshe sau ɗaya a hanƙa, a ƙarshen gaɓa kuma ta fito ƴar jirge. Kalmar ruwa ita ce “mul”, amma da an liƙa mata ɗafin “i” sai ta koma “muri”. Wanda ya tashi da wannan ya koyi cewa bambancin sautukan biyu ba ya ɗauke da ma'ana, muhalli ne ke kawo shi. To amma matsalar ba ɗaya take a ko'ina ba. A tsakiyar kalma Koriyanci yana raba riyul guda da riyul mai ruɓi, ta biyun kuwa /l/ ce doguwa, saboda haka “berry” da “belly” suna samun gurbi biyu. A farkon kalma babu wannan madafa: “right” da “light” duka “raiteu” ake rubuta su. Don haka malamar takan fara daga tsakiyar kalma, inda ɗalibi ke da ƙafar tsayawa, kafin ta tura shi farkonta.

Sai zuzau. Koriyanci ba shi da /f/ da /v/ da /z/, ba shi kuma da sautukan nan biyu na tsakanin haƙora da Ingilishi ke rubutawa da “th”. A kalmomin aro /f/ takan koma /p/ mai iska, /v/ ta koma /b/, /z/ ta koma /j/. Kofi “keopi” ne, fiza kuma “pija”. Ga kuma ganɗantawa: /s/ in ta zo gaban wasalin /i/ sai ta karkata ta zama kamar /sh/, shi ya sa “see” da “she” ke rikicewa. Mai Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, tunda a bakinsa “fasa” ke zama “fashe”, kuma /p/ da /f/ na baƙin harsuna gurbi ɗaya suke faɗawa a rariyarsa.

Ƙarshen gaɓa ya fi ɓoye wahalarsa. Baƙaƙe 7 kaɗai ake furtawa a ƙarshen gaɓar Koriyanci, tsayau ɗin cikinsu kuma ba a sakin iskarsu. Kalmomin lauje da rana da fuska rubutunsu dabam dabam ne, amma in an furta kowacce ita kaɗai “nat” ake ji. Kunnen da ya saba da haka ba ya sa ran samun labari a wutsiyar kalma, sai “back” da “bag” su zo masa ɗaya. Abin da malamar ke nuna musu shi ne su kansu masu Ingilishi ba wutsiyar kaɗai suke saurare ba, domin sau da yawa ba sa sakin baƙin ƙarshen. Wasalin da ya gabace shi ne ke tona asiri: yakan fi tsawo gaban baƙi mai ziza. Ranar da ta bayyana wannan, wani injiniya ya ce shekara 20 yana neman bambancin a inda ba ya nan.

Akwai kuma wasalin da kunne ke ƙirƙira. Koriyanci ba ya furta cunkoson baƙaƙe a farkon gaɓa, sai ya cusa wasalin “eu” tsakaninsu. Kalmar “strike”, gaɓa ɗaya a Ingilishi, takan zama “seuteuraikeu”, gaɓa biyar, kamar dai yadda Hausa ta sami “burodi” da “fulawa”. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin matsalar baki, har sai da Emmanuel Dupoux da abokan aikinsa suka nuna a 1999 cewa ƴan Japan suna jin wasali tsakanin baƙaƙe biyu a inda Faransawa ba su ji komai ba, kuma na'ura ta tabbatar babu shi. A 2007 Barış Kabak da William Idsardi suka sami irin wannan ga ƴan Koriya a wasu jerin baƙaƙe. Ɗalibin da ya adana kalma a ransa da gaɓa biyar, in ta wuce shi da gaɓa ɗaya ba zai shaida ta ba.

Wasula su ne ƙashin bayan wahalar. Matasan Seul kusan wasula 7 suke rarrabewa, tun da “e” da “ae” suka haɗe a bakinsu, kuma tsawon wasali ya daina raba kalmomi a wurinsu. Ingilishi yana da sama da 10. Sakamakon haka “pen” da “pan” suka zama ɗaya, in aka haɗa da rashin /f/ kuwa har “fan” ta shigo cikinsu. Game da “ship” da “sheep”, littattafan makaranta sun koya musu cewa ɗaya gajere ne ɗaya dogo. Malamar tana ganin wannan rabin gaskiya ta fi rashin sani ɓarna. Bambancin na ainihi yana ga matsayin harshe a baki, tsawo kuwa yana sauyawa da muhalli, har wasalin “beat” yakan yi gajarta kamar na “bid”. Wanda ya dogara da tsawo zai ci gwajin malami mai jan kalma, ya faɗi a gaban mai magana da sauri.

Sanin cuta dabam, maganinta dabam. Tsohuwar hanya ita ce malami ya furta, ɗalibai su maimaita. Malamar ta bar ta saboda dalili biyu. Ɗalibin da bai ji bambanci ba, in ya maimaita, abu ɗaya yake faɗa sau biyu yana zaton biyu ya faɗa. Sannan wanda ya saba da muryar malami guda yakan koyi muryar ne, ya kama wata ƴar alama da ta keɓanta da bakin mutumin, wadda ba za ta bi shi waje ba. Bincike ya tabbatar da wannan tsoro. A 1984 Winifred Strange da Sibylla Dittmann suka horar da ƴan Japan da kalmomin “rock” da “lock” da na'ura ta ƙera. Sun ƙware a kan abin da aka horar da su, amma ƙwarewar ba ta ƙetara zuwa maganar mutane ta yau da kullum ba. A 1991, a Jami'ar Indiyana ta Amurka, John Logan da Scott Lively da David Pisoni suka sauya dabara. Suka yi amfani da muryoyin mutum biyar, da zubin kamantau masu yawa inda /r/ da /l/ ke zuwa a wurare dabam dabam na kalma, mai saurare ya zaɓi kalmar da ya ji, a gaya masa nan take ko ya dace. Bayan mako uku an sami ci gaba, ba mai yawa ba, amma ya kai ga sababbin kalmomi. Aikin da suka biyo da shi ya nuna cewa horo da murya ɗaya ba ya ƙetarawa zuwa sabuwar murya kamar horo da muryoyi da yawa, kuma abin da aka samu yana nan bayan watanni. A 1997 Ann Bradlow da abokan aikinta suka gano wani abu da ya fi jan hankali: waɗanda aka horar da kunnensu kawai, furucinsu ma ya gyaru, ba tare da an koya musu furuci ba.

A kan wannan malamar ta tsara minti 15 na farkon kowane darasi. Ta tara muryoyi da yawa, maza da mata, tsofaffi da matasa, daga Amurka da Ingila da Ostareliya, har da Indiya da Filifin, domin ma'aikaciyar jinyar da za ta je Ostareliya ba da Turawa kaɗai za ta yi aiki ba. Kowane ɗalibi yana da kati biyu. Kalma ta fito daga lasifika, a ɗaga kati, ta faɗi amsa, ta sake kunna kalmar domin wanda ya kuskure ya ji ta yana sane da abin da take. Ba ta tambayarsu ko kalmomi biyu iri ɗaya ne ko dabam, tunda a rayuwa ba wanda ke ba mutum kalma biyu ya gwada. Kalma ɗaya ke zuwa, sai ya sa ta a gurbinta. Tana kuma hana kowa furtawa a wannan lokaci. Tana da littafi da take rubuta kuskuren kowa da alƙiblarsa, domin wanda ke jin /l/ a matsayin /r/ da wanda ke jin /r/ a matsayin /l/ ba aiki ɗaya ke gabansu ba. A wasula kuwa ba ta ware biyu masu wuya ta tsaya a kansu, takan zuba su duka a faifai ɗaya, domin wasali da maƙwabtansa ake gane iyakarsa.

Doka guda ce ta fi jawo mata gardama: ta hana rubuta furucin Ingilishi da Hangul a gefen littafi. Ƴan Koriya suna alfahari da rubutunsu, kuma suna da hujja. Sarki Sejong ne ya samar da shi a 1443, aka bayyana shi ga jama'a a 1446, an kuma zana siffar baƙaƙensa na tushe bisa yanayin gaɓoɓin furuci, abin da ya sa masana harshe ke yaba shi har yau. Wani dattijo a ajin ya taɓa ce mata, cikin ladabi amma da zafi, Hangul yana iya rubuta kowane sauti a duniya. Ta amsa masa cewa Sejong ya auna rigar ne a jikin Koriyanci, shi ya sa ta zauna masa daidai, kuma duk ɗalibin da ya rubuta “pil” a gefen “feel” ya mayar da kalmar cikin rariyar da ake ƙoƙarin fitar da ita. Dattijon bai gamsu ba, amma ya ajiye fensirinsa a minti 15 ɗin.

Ba kowane bambanci take bi ba, domin zango wata uku ne kawai. Tana aiki da ma'aunin da masana irin su John Catford da Adam Brown suka kawo a ƙarshen shekarun 1980, wato nauyin aikin da bambanci ke ɗauka a harshe: kalmomi nawa yake rabawa, kuma yaya yawan amfani da su yake. Bambancin /r/ da /l/, da na /p/ da /f/, da na wasulan “ship” da “sheep” suna raba kalmomi masu ɗimbin yawa. Na “th” da /d/ kaɗan yake rabawa, har Jennifer Jenkins, a aikinta na 2000 kan Ingilishi a matsayin harshen hulɗa tsakanin al'ummai, ta fitar da “th” daga jerin sautukan da fahimta ta rataya a kansu. Saboda haka malamar takan bar shi ƙarshe. Ta yi togiya guda saboda ma'aikaciyar jinyar: “breathing” da “bleeding”, numfashi da zubar jini. Ma'aunin yawan kalmomi bai san asibiti ba.

Gardama mafi nauyi daga shugaban makarantar ta zo. Ɗalibai kuɗi suke biya domin maki, shi kuwa yana ganin minti 15 na ɗaga kati asara ce. Ya ce mata: “Malama, wa zai ji an ce a ci ‘lice’ da miya ya ɗauka ƙwarƙwata ake nufi? Jimla tana warware komai. Ki ba su tsofaffin takardun jarrabawa.” Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin sau da yawa muhallin zance yana fitar da mai saurare. Amsar malamar ita ce muhalli yana warwarewa, amma sai an biya da lokaci. Andrea Weber da Anne Cutler sun nuna haka a 2004 ta hanyar bin motsin idon masu saurare ƴan Holan: da suka ji farkon kalmar “panda”, idonsu yakan fara zuwa kan hoton “pencil”, saboda wasulan biyu ɗaya ne a kunnensu. A 2006 aka sami irin haka ga ƴan Japan da “rocket” da “locker”. Ma'ana, illar ba ta tsaya ga zubin kamantau ba. Duk kalmar da ta fara da sautin da ba a tantance ba tana tayar da kishiyoyin da ɗan harshe bai san da su ba, sai ƙwaƙwalwa ta tsaya korar su, mai magana kuwa ya yi gaba. Wannan ne dalilin da ɗalibi ke fahimtar jimlar farko da ta biyu, a ta biyar ya ɓace. Ta ce masa: “Shugaba, takardun jarrabawa gwada kunne suke yi, ba sa gyara shi.” Suka rabu a kan minti 10, sauran kuma ta tura wa ɗalibai a wayoyinsu su yi a cikin jirgin ƙasa.

Ba ta yi wa kowa alkawarin kunnen Bature. Ta san aikin da Flege da abokansa suka yi a 1999 a kan ƴan Koriya 240 mazauna Amurka, waɗanda suka isa can tsakanin shekara 1 da 23 da haihuwa: gwargwadon girman mutum lokacin isarsa, gwargwadon nauyin harshen gida a furucinsa. Ta san kuma a binciken Bradlow masu saurare sun tashi daga kusan kashi 65 cikin ɗari zuwa kusan 81, alhali ɗan harshe da ƙyar yake kuskure ko ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma alƙaluman sun nuna busasshen ma yana ɗan ba da kai, wannan ɗan abin kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin faɗuwa da ci ga mai neman maki kaɗan.

Ma'aikaciyar jinyar ta yi mako biyar ba wani motsi. Littafin malamar ya nuna tana dacewa da rabi tana kuskuren rabi a /r/ da /l/ na farkon kalma, wato daidai da mai canke. Wani dare bayan an tashi ta tsaya a bakin ƙofa. A asibitocin Koriya da laƙabin malami ake kiran ma'aikatan jinya, saboda haka su biyun da suna ɗaya suke kiran juna. Ta ce: “Malama, ko dai in haƙura? Na ga kunnena ya riga ya bushe.” Malamar ta buɗe littafin ta nuna mata shafinta. Ta ce: “Malama, dubi nan. A tsakiyar kalma kin daina kuskure tun mako na uku. A /p/ da /f/ saura kaɗan. Farkon kalma ne ya rage, kuma da muryar mata kin fi dacewa. Kunnen da ya bushe ba ya barin irin wannan sawu.” Daga nan ta sauya mata aiki. Ta rage saurin wasu kalmomi da kwamfuta domin ta ji yadda /r/ ke shiga wasali a hankali da duhun amo, /l/ kuwa ta faɗa masa farat ɗaya, sannan ta mayar da su saurinsu na asali.

A mako na takwas alƙaluman shafin suka fara hawa. Zuwa ƙarshen zango baƙaƙen sun zauna mata, har da na ƙarshen gaɓa. Wasula ba su zauna ba: “fill” da “feel” suna raba kansu in mai magana ya natsu, su haɗe in ya yi sauri. Malamar ba ta ɓoye mata ba. A darasin ƙarshe ta koya wa ajin abin da ba ya cikin kowace jarrabawa, wato yadda mutum zai maimaita abin da ya ji da wasu kalmomi domin mai magana ya tabbatar masa, da yadda zai nemi a rubuta masa sunan magani ko adadi ba tare da ya ji ya ƙasƙanta ba. Ta tuna musu cewa matuƙa jirgin sama da masu ba su umarni daga ƙasa, har waɗanda Ingilishi ne harshen uwarsu, ƙa'ida ta wajabta musu maimaita muhimmin umarni, domin an san kunne yana kuskure.

Ma'aikaciyar jinyar ta yi rajistar zama na uku a watan da ya biyo baya. Kafin ta tafi ta roƙi a ba ta kwafin shafinta na littafin, da muryoyin ƴan Ostareliya da ba a kai ga amfani da su ba. Malamar ta haɗa mata da jerin kalmomi 40 na ɗakin majinyata, ta ja layi ƙarƙashin waɗanda wasali kaɗai ya raba, ta ce ta riƙa sauraron su minti 10 kowace safiya kafin ta shiga aiki.